Amaryar Maƙwabcina Ta Ƙi Tashi

Yaya,

A gaida Inna, a gaida mutanen gida da yara, da duk wanda ke kan bencin gareji, don na san da ƙarfi za ka karanta wannan. Maganar fili mun gama ta a waya, kuɗin makarantar yara sun taho, takarduna suna nan inda suke. Sanyin Winifeg ya fara sauƙi, wato yanzu mutum kan fita ya dawo da hancinsa. To ajiye sifana, labari gare ni.

A garin nan, Yaya, kanikanci abin shaƙatawa ne. Wallahi. Mutum zai yi aikin ofis har ya tsufa, ga gida, ga fansho, ga lafiyayyar mota a ƙofar gida, sai ya ɗebi kuɗinsa ya sayo akwala, ya riƙa kwanciya a ƙarƙashinta duk Asabar, ba mai biyansa ko sisi. Baƙin man da Kawu ya yi ta yi mana gori a kai, wai mun gudu daga boko mun faɗa cikinsa, shi ne abin da 'yan bokon nan ke ɗokin samu bayan ritaya. Don Allah ka kai masa wannan labari da bakinka, kuma ka faɗa mini yadda fuskarsa ta yi.

Maƙwabcina dattijo ne, tsohon akanta. Tasa akwalar Chevrolet Camaro ce ƙirar 1969, mai injin nan da suke kira 350, silinda takwas, lita 5.7. Ya sauke injin da kansa, ya kai an wasa silinda, ya zuba sabbin fistin da ringi da metal. Kowane noti ya kwance sai ya ɗauke shi hoto, ya sa shi a leda, ya rubuta masa suna. Mu da muke gama haɗa inji noti uku su rage a kwano, mu ce kamfani ne ya yi almubazzaranci! Da safar hannu yake aiki. Kowace sifana da zanenta a bango, in ta fita yawo a san wadda ba ta dawo ba. A garejin akwai firij, akwai rediyo, akwai abin ɗumama ɗaki. Na taɓa zubar da ɗigon mai a ƙasa, ya bi shi da tsumma yana ba ni haƙuri.

Sai fenti. Ya fesa wa injin ruwan lemo, launin da aka san injin Chevrolet da shi, ya bari ya bushe, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Har wuraren da ido ba zai ƙara gani ba sai ranar da aka sake sauke injin, sun sha. Amarya ce sosai, an yi mata lalle har tafin ƙafa. Duk tsawon hunturu tana ɗaka lulluɓe da bargo, motar da ke kai shi kasuwa kuwa tana waje cikin ƙanƙara, an jona ta da soket don kada injinta ya daskare, haka uwargida ke kwana a nan. Amarya ba ta fita sai da zafi, ranar Lahadi da yamma, lokacin da masu irin wannan larura ke jerin gwano a titin Portage, jama'a na zaune a kujeru bakin hanya suna kallo. Ba inda za su. Su je ƙarshen titi su juyo.

To ranar da za a buɗe kan amarya ina shigowa daga aiki, na gaji da ɗaga kwalaye a sito, sai na ji ta bayan katanga: wooo... wooo... wo. Kik na jan inji da ƙyar. Ka san tun zuwana ban sa hannu a inji ba. Na ce abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Ko takalmi ban canza ba na nufi garejinsa.

Na tarar ya riga ya sayi sabon batir, ya sayi sabon kik, yana shirin sayen wani. Nan ƙasar in abu ya ƙi, ba a tambayarsa me ke damunsa, sabo ake saya. Na ce, "Baba, kafin nan mu ɗan tura ta mana." Ya dube ni, ya dubi fentin bayan motar inda hannuna zai sauka, na ga ransa ya ɓaci. Ashe ma giyarta otomatik ce, ko unguwa guda aka tara ba za ta tashi da turi ba. Na tuna Peugeot 504 ɗinka da ba ta san aikin makulli ba, wadda saboda ita ka fi kowa sanin gangaren da ke cikin Kano, har masallacin Juma'a ba ka zuwa sai mai tudu.

Shi tsoronsa ɗaya, kada ya zama metal ya matse kiranshaf. Tsoron da hujjarsa, sabon haɗi yakan yi tauri, ringi bai kwanta ba, matsin silinda ya ƙaru, kik ɗin da ke juya gajiyayyen inji cikin sauƙi sai ya ji jiki. Na cire fulogi takwas ɗin, na sa doguwar sifana a notin gaba na juya. Ya juyu sumul, ba inda ya cije. Na ce inji lafiyarsa lau, ka daina zarginsa. Muka sa mita a batir, 12.6, cikakke. Ya yi kik, bai sauka ƙasa da 9.6 ba, ke nan batir ma ya fita daga zargi.

Daga nan na yi abin da rewayanmu ke yi da ɗan yatsa, ni na yi da mita don dattijo ya yarda. Baki ɗaya a kan nagetif na batir, ɗaya a jikin kik, na ce murza. Abin da ya kamata ya ɓace a wannan hanya bai kai rabin bolt ba. Mita ta nuna kusan biyu. Kik ɗin irin wannan inji yana jan wuta wajen amfiya 200, kuma duk abin da ya shiga ta jar waya dole ya koma batir ta jikin inji. Na bi wayar at har inda aka ɗaure ta. Yaya, a kan fenti take zaune. Noti sabo fil, an ɗaure shi daidai ƙa'idar littafi, amma ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Wutar da ta rasa hanya ta koma bi ta wayar totur, na taɓa ta na ji ɗumi.

Na ɗauko wayar jona batir, na maƙala daga nagetif zuwa wani noti marar fenti, wanda sai da na sha nema. Ya murza. Injin ya juya da gudu, ya kama, tagogin gareji suka ɗauki rawa. Dattijo ya rungume ni. Rabon da wani ya taɓa kafaɗata a ƙasar nan, in ba a cunkoson bas ba, har na manta.

Murna ta koma ciki da na fito da samfefa. Wurin da zan kankare bai fi faɗin kwabo ba, amma sai da aka yi zaman sulhu. Ya tambaya ko akwai wata hanya. Ya kira abokinsa a waya. Ya zagaye wurin da salatif don kada ɓarna ta yaɗu, ya ɗauki hoton bankwana, sannan ya fita waje ya ce in kira shi in na gama. Na kankare har ƙarfe ya yi fari, na ɗaure, na ƙara wata wayar daga inji zuwa shasi.

Saura ɗaya. Da ta yi zafi muka kashe, aka sake murzawa, sai ta juya ta tsaya cak, ta sake juyawa. Na san wannan tsayawar, ka sha dukan ƙeyata a kanta. Na cire wayar da ke kai wa kwayil wuta, ta juya lafiya ba gargada. Ke nan taimin ya yi gaba, wuta na tashi tun fistin bai ƙarasa hawa ba, tana tura shi baya, kik na tura shi gaba. Na sassauta distirbuta na ɗan mayar da ita da kunne. Ya kawo fitilar taimin ya auna, ya sake aunawa, ya cire tabarau ya tambaye ni wace kwaleji na yi. Na ce ta Ƙofar Ruwa, ƙarƙashin wani shehin malami mai koyarwa da bayan sifana. Ya rubuta sunanka a littafinsa, Yaya. Yanzu kana cikin tarihin motar, tsakanin rasit ɗin fistin da hoton noti.

Ya kawo kuɗi na ƙi karɓa, sai ya ba ni makullin ƙaramar ƙofar garejin. Duk Asabar can nake wuni. Ba hira sosai, shi da kofinsa ni da shayina, amma wurin na warin fetur, kuma akwai wanda ke tambayata me na gani. Ya ce abokansa na jerin gwano suna da motocin da ke irin wannan nishi, duk masu sabon fenti. In Allah ya yarda da samfefa kaɗai zan gina filin nan.

Ya yi alkawarin ni zan ja amarya a titin Portage Lahadin farko da zafi ya zauna. Saboda haka in an sami mai tahowa, a ba shi babbar rigata shuɗiya da hular zanna, da yajin Inna, wanda na zo da shi ya ƙare tun azumi. Kuma kafin ka sake tara yaran unguwa, sa wani ya leƙa wayar at ɗin 504. Na san fenti bai taɓa zama matsalarta ba, amma tsatsa ma haka take yi.

Naka,
ƙaninka na Winifeg