Karta a Gaban Alƙali

A 2012 wani alƙali a Amurka, Jack Weinstein, ya zage ya rubuta hukunci mai shafi 120 kan kartar poka. Ya saurari masana ƙididdiga, ya ce gwaninta ta rinjayi sa'a, saboda haka ba caca ba ce a dokar tarayya. Wanda ake tuhuma, mai tara 'yan karta a sitonsa na kekuna masu lantarki, ya wayi gari shugaban makarantar ƙwararru.

Shekara na zagayowa kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Da gwaninta ko babu, in ji ta, dokar New York ta hana.

'Yan wasan kuwa ba su jira kotu ba. Wanda ya kwashe kuɗin teburi ya ce ilimi ne tsantsa. Wanda aka cinye wa kuɗin haya yana gida, yana yi wa uwargida lacca kan ƙaddara.