Takobin Burmi da Awarar Jiya

Duk garin da ya isa gari yana da lungun da kayan da suka gaji da gidajen mutane suke taruwa su huta. A Kano ka kutsa cikin Kurmi ta wajen 'yan koli da dukawa, ko ka gangara Ƙofar Wambai wurin gwanjo. A Kaduna akwai Panteka. A Yamai akwai Katako, inda gwangwanin jiya ke wayar gari ya zama tukunya. Na daɗe ina yawo a irin waɗannan wurare, yawanci ba da niyyar sayen komai ba, kuma abin da na lura da shi shi ne kusan kowa a nan yana da shari'a tsakaninsa da shekaru. Wani ƙara wa kayansa yake yi, wani ragewa. Da ƙyar ka sami wanda ya bar su yadda Allah ya ƙidaya.

Sarkin masu ƙari shi ne mai kayan tarihi. Rumfarsa duhu gare ta, kuma da gangan ne. Ba ya shara, ba ya kakkaɓa, don ƙura ita ce rabin jarinsa. Yaron shagon da ya yi karambanin goge tasar tagulla har ta yi ƙyalli, ranar zai koma gidan ubansa. A bango takubba ne da garkuwa da kwari da baka, a ƙasa likkafa da linzami, akushi, tandu, zunguru, da wani guntun sulke da ya ce ba na sayarwa ba ne, wato dai shi ya fi tsada. Kana miƙa hannu ga takobi sai ya yi gyaran murya: "A hankali, Alhaji. Wannan ya ga Burmi." Burmi ɗin nan da Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a 1903. Takubban Burmi da aka nuna mini ni kaɗai, da a ce an raba wa mayaƙan wannan rana, kowa sai ya riƙe biyu, a nemo jakuna su ɗauko saura.

Tsufan kuwa sana'a ce mai zaman kanta, tana da malamanta. A sassaƙa abu yau, a rataye shi saman murhu wata uku hayaƙi ya dafa shi. Ƙarfe a binne shi a ƙasa mai damshi damina guda. Itace a shafe shi da toka da manja, a feshe shi da ruwan goro, in ana son a burge sosai a bar wa gara ta ɗan taɓa gindinsa, amma a tsaya a kanta kada ta cinye riba. Na taɓa sayen akushi a wata kasuwa da ba zan faɗi sunanta ba, baƙi ƙirin, mai shi ya ce tun kakar kakarsa ake cin tuwo a ciki. Da na isa gida uwargida ta ɗauka ta shinshina, ta miƙo mini ta ce in tambayo mata ko kakar tasa da man goge takalmi take miya.

Abin dariyar, mai kayan tarihin nan baki biyu gare shi, kuma doka ce ta ba shi na biyun. Tun 1979 dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta Najeriya ta hana fita da ainihin kayan tarihi daga ƙasar ba da izini ba. Don haka a gaban mai saye, mutum-mutumin nan ya shekara ɗari uku. Da mai sayen ya ce yana tsoron kwastan a filin jirgi, sai Malam ya sassauta murya: "Kada ka damu, yallaɓai, ka ce musu sabo ne. In suna so ma in kai su wurin wanda ya sassaƙa." Ba ina cewa duk kayansa na bogi ba ne. Akwai na gaske, sai dai sau da yawa shi kansa bai san su ba. Kujerar da yake zaune a kai, wadda gogar shekaru ta sa ta yi santsi kamar an shafa mata mai, ita ce ta girmi kowa a rumfar, kuma bai taɓa sa mata kuɗi ba.

Kusa da shi akwai mai kuɗin da, da ɗan farantinsa. Wuri, anini, ɗari, kwabo mai huji a tsakiya, taro, sisi, sule. Shi wannan malamin lissafi ne wanda ba a biya: anini goma kwabo, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam, har zuwa 1973 da naira ta zo ta tashi kowa. Zai gaya maka abin da sule ɗaya ke saya a zamanin ƙuruciyarsa, kuma kowace shekara sulen nan ƙara ƙarfi yake yi. Bara buhun gero yake saye, bana har da ɗan akuya. Amma abin alfaharinsa liyari ne, azurfar nan mai hoton wata mace mai ƙiba, wadda iyayenmu mata suke ratayawa a wuya. Zai juya maka bayanta ya nuna da farce: "Karanta da kanka. 1780." Ba ƙarya ya yi ba, haka aka rubuta. Abin da ya rage bai faɗa ba shi ne, a shekarar ce matar, sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, ta rasu, kuma duk liyarin da aka buga bayanta wannan shekarar aka ci gaba da sa masa, na Biyana da na Landan da na Bombai duka, har zuwa zamaninmu. Tsabar da ta tsayar da shekarunta wuri ɗaya ba ta gaba ba ta baya, kamar wasu ma'aikatan gwamnati.

Akwai kuma wanda ba ya shimfiɗa kaya, raɗa yake sayarwa. Zai matso kusa da kunnenka ya tambaya ko akwai tsohon keken ɗinki a gidanku, ko dutsen guga na gawayi mai zakara a ka, ko agogon bango na kaka. Wai akwai jar zaiba a ciki, wai wasu Larabawa suna otal suna jira da jakar dala. Wannan zazzaɓin ba mu kaɗai yake kamawa ba. A 2009 ya kama Saudiyya, mutane suka yi ta rububin tsofaffin kekunan Singer. Har yau ban ga wanda ya ga jar zaibar da idonsa ba, amma na ga wanda ya farfasa keken ɗinkin mahaifiyarsa.

Tsallaka layi ka shiga ƙasar masu ragi. Ɗan gwanjo, in an fasa dila, kowace riga a wurinsa budurwa ce. "Ba a taɓa sawa ba, Bature ne ya saya ta yi masa kaɗan." Ka sa hannu a aljihu ka ciro tikitin jirgin ƙasa na wani gari da ba ka iya faɗin sunansa ba, ya ce ai a shago aka manta shi. Maƙwabcinsa mai shimfiɗa a ƙasa ya fi shi ƙarfin hali: rimot babu talabijin, murfi babu tukunya, makulli babu kwaɗo, takalmi ƙafar hagu, da rediyon da kullum "batir ne kawai babu". In ka ce a gwada, ya ce wutar nan ba ta da kyau, ka je gida ka gwada, in bai yi ba ka dawo da shi gobe. Gobe ka dawo ka tarar da mai rake a wurin. Baturen nan Kilafaton da ya zo Kano a 1824 ya rubuta cewa wanda ya sayi riga ko turkuɗi a kasuwar, ko Barno ya kai ya kwance ya ga aibi, yana iya mayarwa, don sunan dillali yana rubuce a cikin ƙunshin, shi kuma dole ya nemo mai kaya a biya. Na ba wani mai rediyo wannan labarin. Ya saurara tsaf, ya ce, "Allah sarki, mutanen da," sannan ya tambaye ni ko zan ƙara ɗari biyu.

Jikan wancan dillali shi ne ɗan kamasho na yau, sai dai shi ba ya rubuta sunansa a ko'ina. Ba shi da rumfa, ba shi da kaya, amma duk kasuwar tasa ce. Tun daga bakin titi ya gane baƙo da irin takunsa. "Ranka ya daɗe, me ake nema? Ai shagon yayana ne." Duk shagon da kuka shiga na yayansa ne, uwarsu kam ta sha haihuwa. Yana gabanka yana yi maka faɗa a rage, yana bayanka yana ɗaga wa mai kaya yatsu biyu. La'adarsa tana cikin kuɗin tun kafin ka taya, kuma in an sallama zai raka ka har mota yana jiran na goro.

Mutum ɗaya ne na sani wanda ba ruwansa da wannan shari'a, shi ne baduku. Kansa a sunkuye, basilla a hannu, zare a baki. Ka yi sallama ya amsa bai ɗago ba. Ka tambayi shekarun jakar nan ya ce, "Da hantsi na gama ta." Fatar jar akuya yake aiki da ita, irin ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi, wadda aka jeme da bagaruwa, irin wadda ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko don a can suka same ta. In ka taya da wulaƙanci ba ya cewa albarka, shiru yake yi, kuma shirun ya fi zagi ciwo. Abin da ke cin ransa yana rataye a shagon da ke kallonsa: jakar roba daga Sin, an buga mata zane irin nasa, rabin kuɗin tasa. Turawan yawon buɗe ido sun yi ƙaranci, don haka yanzu cinikinsa yana hannun 'yan fim masu neman kayan sarauta, da dangin amarya masu shirin kamu, da iyayen da makaranta ta aiko wa takarda cewa gobe ranar al'adu ce. Babban mai sayensa na sari kuwa, in ka bi diddigi, mai kayan tarihin nan ne. Shi yake kwashe kuben takobi sabo fil ya kai shi makarantar hayaƙi.

Yunwa kuma ita ke kai ka wurin manyan masu ragi, don a nan ba shekaru ake ragewa ba, sa'o'i ne. Yarinya mai awara, tun hantsi har la'asar, magana ɗaya ce a bakinta: "Yanzu na sauke, Baba." Ka taɓa ka ji ta yi sanyi kamar hancin kare, ta ce iska ce. Man da take suya da shi kuwa, baƙi wuluk, ana ƙara masa sabo ba a taɓa zubar da tsoho ba. In da gaske ana neman abin da ya ga Burmi a kasuwar nan, a fara bincike daga kaskonta. Mai tsire ya fi ta dabara. Tsinken jiya ya sha mai, ya sha sabon ƙuli, ya koma gefen wuta ya yi ɗumi, ga shi ya dawo saurayi. Zai yanko maka ɗanɗano daga na yau, ya naɗe maka na jiya a takarda, albasa da yawa a sama kamar bargo. Mai fura ta rantse nonon na safe ne, bakinka na karkacewa don tsami tana cewa haka kindirmo na gari yake.

Mai gurasa dai na fi girmamawa, don shi bai ɓoye komai ba. Bandashe a gabanka ake yin sa: gurasa ta sha iska ta ƙame, a tsoma ta a ruwa, a barbaɗa ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir, ta farfaɗo kana kallo. Ya mai da tsufa girki, har mutane suna layi. Mai kilishi ma hankalinsa kwance, nasa kayan an yi shi ne don ya daɗe. Damuwarsa ɗaya, masu ɗanɗano. Akwai mutanen da suke zagaya masu kilishi biyar su ƙoshi ba su sayi na sisi ba, suna tafe suna cewa yaji ya yi yawa.

A can ƙuryar layi akwai wani dattijo da na shekara fiye da goma ina wucewa ta gabansa. Kayansa ba su canja ba: fitilar ƙwai, akwatin garmaho marar hannu, kwanonin samira masu fure, da wata butar shayi. Duk abin da ka taya, albarka. Ka ninka, albarka. Ka ce to Baba, nawa za ka sallama? Ya ce ba a kai ba tukuna. Daga baya na gane ba ciniki ke kawo shi kasuwa ba. In kayan suka ƙare, da wane dalili zai fito daga gida, ina abokan hira za su same shi, wa zai riƙa gyara wa masu wucewa tarihin unguwa? Butar ma ya taɓa gaya mini asalinta, shi ya sayo ta da hannunsa a Makka, shekarar da ya sauke farali.

Kwanakin baya na je ban same shi ba, ƙafa ta hana shi fitowa. Jikansa ne a kan buzun, da waya a hannu. Ya ɗora butar a kan wani tsohon darduma, ya ɗebo ƙura a ƙasa ya ɗan busa mata, ya ja baya yana neman inda haske ya fi kyau. Na leƙa na ga abin da yake rubutawa a ƙarƙashin hoton, zai sa a WhatsApp: butar fada, shekara 200.

Na ce, "Kai yaro, kakanka ya san da wannan?"

Ya ce, "Baba, ai shi ya ce ba a kai ba tukuna."

Muna cikin haka yarinyar nan mai awara ta iso da farantinta a ka, rana ta kusa faɗuwa, ta durƙusa ta buɗe leda. Na ce ta zuba mini ta ɗari biyu, ta sa yaji da yawa.