Ɗan Haya, Canja Kwadon Nan Tun Yau

Ranar da mai gida ya miƙo maka makulli guda yana cewa, "Shi ke nan, babu wani," ka karɓa da hannu biyu, ka ce Allah ya saka wa Alhaji, sannan ka wuce kasuwa ka sayi sabon kwado. Alhaji bai yi maka ƙarya ba, iyakar saninsa ke nan. Amma kwado da makulli uku yake fitowa daga kanti. Ɗaya na hannunka. Na biyu yana aljihun malamin firamaren da ya riga ka zama a ɗakin, wanda aka mayar Ikara. Na uku kuwa ƙanin matar malamin ne ya tafi da shi, kuma har gobe yana shigowa Nasarawan Doya cin kasuwa. Ɗakin da kake biya wa kuɗi kai kaɗai, ku uku ke da ikon shiga.

Wajen sayen kwadon, ka ɗaga shi a tafin hannu ka ji nauyinsa. Wanda ya fi ƙyalli ba shi ya fi ƙarfi ba. Sai dai ga inda mutane da yawa ke faɗuwa: a sayo kwado kamar kan ɗan maraƙi, a rataya shi a ƙarfen da ƙusa biyu masu tsatsa ke riƙe da shi a ruɓaɓɓen katako. Ɓarawo ba ya ma gaisawa da irin wannan kwado. Ƙusoshin zai zare, ya ajiye maka kwadonka a kulle lafiya lau a bakin ƙofa. Ka kira kafinta ya huda ƙyauren, ya sa ƙarfe mai zare da za a ɗaure da noti ta ciki. A ƙara sakata biyu, sama da ƙasa, don lokacin barci.

Daga nan ka ɗaga kai sama. A gidajen haya masu ɗakuna a jere, sau da yawa bangon da ya raba ka da maƙwabci a silin ya tsaya, bai kai ga kwano ba. Daga can sama gidan duk ɗaki ɗaya ne. Wanda ya hau ta ɗakin da babu kowa zai iya sauka a kan katifarka ba tare da ya taɓa ƙofa ba. Ɗauki tocila, ɗaga silin ɗaya, leƙa. In ka hango har ƙarshen gida, maganar ta Alhaji ce.

Kuma maganar Alhaji tana da ladabinta. Kada ka je masa da "gidan nan babu tsaro," don zai tuna maka cewa tun kafin a haife ka ake kwana a ciki. Ka bari sai bayan la'asar, ka durƙusa ka gaishe shi, ka tambayi iyali da gona, sannan ka ce, "Baba, ina so in ƙara wa gidanka daraja." Ku daidaita a kan wa zai biya mai walda, nawa za a cire a kuɗin haya, kuma ƙofar ƙarfen ta wa ce ranar tashi. A rubuta, shaidu biyu su sa hannu. Rigimar ƙofar ƙarfe ta kai mutanen kirki gaban mai unguwa fiye da yadda ɓarawo ya kai su.

A kan taga zan ajiye raha. Ƙarafan da ke hana ɓarawo shiga su ne ke hana kai da yaranka fita ranar gobara. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane suka koyi ɓoye fetur a jarka cikin ɗaki saboda babur da injin ban-ruwa, ga hunturu ga kaskon wuta. Ka sa mai walda ya yi wa taga ɗaya ƙarfe mai buɗewa ta ciki, makullinsa a rataye inda uwargida da babban yaro suka sani. Fetur kuma ba a ɗakin kwana yake kwana ba.

Babur kuwa ya kwana ciki, ko da uwargida ta yi ƙorafin taya ta ɓata mata leda. In zaure ne, a ɗaure shi da sarƙa a jikin abin da ba ya ɗaguwa, don kulle wuya kaɗai ba ya hana samari biyu ɗaukarsa cak.

Yanzu ga babbar ƙofar da babu kafintan da ke iya gyarawa: bakinka. Ƙasar Makarfi da Kudan ƙasar rake ce da masara da tumatir, kuma kowa ya san lokacin da manyan motoci ke lodi shi ne lokacin da aljihu ke nauyi. Ka sayar da gonar rake, ka zauna teburin mai shayi, ka ce a soya maka ƙwai biyar, ka biya wa duk wanda ke benci, ka fito da damin kuɗi kana neman canji. Sanƙira ma bai kai ka iya shela ba. Ba baƙo ne daga Kano zai san cewa kuɗin suna ƙarƙashin katifa ko cikin buhun masara na uku ba, da ɗan gari akan ci gari. Wahalar takardun naira ta farkon 2023 ta koya wa har tsofaffi karɓar kuɗi ta waya, to a ci gaba da amfani da wannan karatu. Dillali ya tura maka ta asusu, ka riƙa cira kaɗan-kaɗan wajen mai POS, kuma kada ka karanto masa lambar sirrinka da ƙarfi don ya danna maka. Hajiya, ke ma ranar kwasar adashi ba ranar labari a gidan suna ba ce.

Waya: danna *#06#, lamba 15 za ta fito, ita ce shaidar wayarka. Rubuta ta a takarda ka ajiye tare da rasit. Ka daina cajin waya a bakin taga, don akwai masu kamun kifi da sanda ba a rafi ba.

In kana son mai gadi marar albashi, ka kiwata zabi. Ba su san sani ba su san sabo ba, ko Alhaji ne ya shigo da dare sai sun tara masa jama'a. Amma ka fara shawara da 'yan gidan, kada maganin ɓarawo ya raba ka da maƙwabta, alhali su ne ainihin tsaronka.

Maganar maƙwabta ita ce maganar da na fi damuwa da ita. Ɗan haya, musamman ma'aikacin asibiti ko ɗan bautar ƙasa ko ɗalibin kwalejin lafiya ta Makarfi, yakan shigo gari ya kulle kansa, daga aiki sai ɗaki. Wanda ba ya gaida kowa, in an ga ana fita da talabijin ɗinsa da rana tsaka, sai a ce ƙila tashi yake yi. Ka je ka gaida mai unguwa a makon farko. Ka tsaya a sahu a masallacin layinku. Tsohuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli a ƙofar gida ta san duk wanda ya shiga da wanda ya fita da launin hularsa. Ka riƙa cewa, "Inna, ina kwana," ka riƙa ciniki. In za ka yi tafiya, mutum ɗaya amintacce za ka gaya wa, ba Facebook ba.

Kuɗin 'yan sintiri kuma a biya da daɗin rai. A 2023 gwamnatin Uba Sani ta ɗauki mutum 7,000 aikin hukumar sintiri ta jiha, KADVS, amma jihar Kaduna na da ƙananan hukumomi 23, don haka samarin unguwa masu tocila da usur ba su gama aiki ba. Ka karɓi lambar shugabansu, ka ajiye ta 'yan sanda mafi kusa, ga kuma 112 ta gaggawa.

In Allah ya sa an kama wani, ina roƙonku, a riƙe shi a miƙa wa hukuma. Ihun "ɓarawo!" cikin duhu ya sha faɗawa kan marar laifi, kuma babu babur ko buhun masarar da ya kai ran mutum. In kuwa da makami suka zo, a ba su abin da suka nema.

Ɗan'uwa, kafin magariba ta yau ka sayi kwadon, ka leƙa silin, ka tsallaka ka gaida maƙwabcin da ba ka san sunansa ba.