Tsargiya Ta Sa Kwat

Yaron garin Wurma da ya saba iyo a kududdufi, in ya fara fitsarin jini, ko kakarsa ta san tsargiya ce. A takardar asibiti kuwa sunanta schistosomiasis, harufa 15, biyar daga ciki duk "s" ne. Harshen Bahaushe ba ya son baƙaƙe su yi cincirindo babu wasali, don haka mai karanta wa Baba takardar sai ya raba su: si-kis-to-so-ma-ya-sis. Kafin ya dire, Baba ya fara salati.

Ai kalmar haɗin gambizar Girkanci ce. Schistos tsagagge, soma jiki, wutsiyar kuma cuta take nufi. Namijin tsutsar da ke jawo cutar ne ke da tsaga a jikinsa, matar ta shige ta tare a ciki, ba lefe ba kuɗin haya.

Wani likitan Jamus, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, aka saka masa da laƙaba wa cutar sunansa, bilharziya. Allah Ya raba mu da irin wannan takwara.

Maganin ma praziquantel ake kiransa, kuma haɗiye shi ya fi faɗarsa sauƙi.