Inda Baba Ya Kama Tarwaɗa

Ruwan da ya shigo mana gida a watan Agusta bai biyo ta ƙofa ba. Ta ƙasa ya ɓullo, ta ramin banɗaki da tsakanin tayil, da tsakar dare, ana cikin irin ruwan saman nan na Kano da ke kwana yana zuba. Uwargida ce ta fara sauko da ƙafa daga gado, sai na ji salati. Na haska fitilar waya, na hango silifas ɗina guda ya kama hanyar falo shi kaɗai, cikin natsuwa, ko waiwaye ba ya yi.

Na lallaɓa na kashe babban makunnin wutar gidan, duk da rabonmu da wuta tun la'asar. Ita wuta ba ta da alƙawari. Tana iya tuno ka a daidai lokacin da kake tsaye cikin ruwa har idon sawu, ga soket a ƙasan bango.

Gari na wayewa ɗan yayana ya iso da wayarsa. Ɗalibi ne, kuma a wurinsa babu masifar da ba a rubuta maganinta a intanet ba. Ya ce, "Kawu, ai akwai kamfanonin da wannan ne kaɗai aikinsu." Ya nuna mini: ga mota fes, ga ma'aikata cikin kaya iri ɗaya, ga injin zuƙe ruwa, ga manyan fankoki, ga na'urar tsotse laima daga iska, har da wata 'yar aba da ake manna wa bango ta faɗi yawan ruwan da ya sha. Kuɗin ma galibi kamfanin inshora ke biya. Na ce maza ya nemo wanda ya fi kusa da mu. Ya daɗe yana latse-latse, sannan ya ce duk a Amurka suke, amma sun rubuta cewa ba dare ba rana suna amsa kira.

Bai tashi a banza ba dai. Ya karanto mana cewa funfuna kan fara kama jiƙaƙƙen ɗaki cikin awa 24 zuwa 48, kuma ruwan da ya biyo ta masai shi ne mafi muni, don haka duk abin da ya sha shi, irin su katifa da kafet, zubarwa ake yi. Uwargida ta dubi kafet ɗin da aka kawo ta da shi, ta dubi yaron, ta ce ya kashe wayar kada cajinsa ya ƙare.

A wajenmu aikin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Majalisa kake haɗawa, kuma kowane ɗan majalisa da gudumarsa yake zuwa.

Na farko mai lambu ne, wanda injinsa na ban-ruwa ke hutu saboda damina. Mai shagon layinmu ya kira shi. Ya dasa injin a tsakar gida, ya miƙa mesa zuwa kwatar waje, ya ce in kawo kuɗin fetur. Injin ya kama ruri, ruwa na fita a guje, maƙwabta suka taru suna sa albarka. Har azahar ruwan falo yana inda yake. Ina zaune a hannun kujera na naɗe wando, sai na fara gane wani jan murfin roba. Zai wuce ta gabana, mesa ta haɗiye shi, an jima in gan shi ya sake leƙowa daga banɗaki. Da na nuna wa mai injin, ya yi shiru yana nazari, ya ce, "Alhaji, ruwan ne da yawa." Ashe kwatar a toshe take tun daga bakin layi, abin da muka tura mata sai ta maido mana ta bayan gida. Samarin unguwa suka shiga da shebur, suka fito da ledojin fiya-wata, da robobin lemo, da wata tayar babur. Kafin magariba ruwan ya janye da kansa. Mai injin ya karɓi kuɗinsa cif, yana cewa ya gaya mini injin nan ba ya ba da kunya.

Ruwa ya tafi ya bar mana laka da wari da bango jiƙe har gwiwa. Muka wanke ƙasa da Hypo har idanu suka yi ja, saboda damina lokacin amai da gudawa ne. Katifa muka jingine a rana, in an samu ranar. Sai aka shiga neman dalili.

Akwai gaisuwar da masu sana'a suka gada, ban san daga wa ba. Mutum zai shigo, ya dubi aikin da ya tarar, ya girgiza kai a hankali, ya ce, "Wane ne ya yi maka wannan aikin?" Mai gyaran famfo da ita ya fara. Ya kara kunne a bango, ya ƙwanƙwasa, ya rantse bututu ne ya fashe a ciki. Ya fasa bangon tun daga banɗaki har kusa da kicin, ya tarar da bututun lafiya lau, ya share gumi ya ce, "Alhamdu lillahi, ba nan ba ne." Kafinta ya zo ya ga ɓarnar mai famfo, ya girgiza kai, ya ce matsalar daga kwano take. Na ce masa ruwan ta ƙasa ya fito. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kowane ruwa daga sama yake." Ban sami amsar wannan ba. Ya hau cikin rufi don ya duba, ba a jima ba ƙafarsa ta dama ta faso silin, a daidai saman gadonmu. Kuɗin gyaran silin daban ne.

Shi ne dai ya yi wa uwargida bayanin abin da ya sami durowar kayanta, wadda ƙasanta ya kumbura ya dare. Ya ce ba katako ba ne, garin katako ne aka cuɗa da gam aka matse, in ya sha ruwa ya gama yawo. Tsohon akwatin katakon da ta gada daga kakarta, wanda take ɓoyewa a lungu don kada baƙi su gani, goge shi kawai aka yi. A ƙofar gida kuwa 'yan gwangwan sun ajiye baro suna jira, suna yi mana jaje da fuskar tausayi.

Magini ne ya yi maganar da ta shige ni. Dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya kankare wani farin gari da ya fito a jikin bangon, ya ce gishiri ne da ruwa ke fitowa da shi daga siminti da ƙasa. Ya ce bulo yana jan ruwa sama kamar yadda sukari mai ƙwaya ke shan shayi in ka tsoma gefensa, shi ya sa ake shimfiɗa leda mai kauri a kan harsashi kafin a ɗora gini, ni kuma wanda ya gina nawa ya ci kuɗin ledar. Ya rubuta mini kayan da zan sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa, ya ce a sassaƙe filastar da ta ruɓe, a buɗe tagogi, a janye kaya daga jikin bango. Fenti kuma a haƙura da shi sai hunturu, don bango wajen inci ɗaya yake bushewa a wata, nawa kuma bulo mai inci tara ne.

Sai dai akwai bikin ƙanwar uwargida a watan Oktoba, kuma a gidanmu baƙi za su sauka. Nan aka samo mai fenti. Ya ce maganar magini ta mutanen da ce, yanzu akwai fenti mai hana ruwa. Ya shafa, falo ya yi kyau, dangi suka yaba. Ba su gama watsewa ba bangon ya fara yin bororo, sannan fentin ya riƙa saɓulowa falle-falle, yara na ɓarewa suna wasa da shi. Fentin ya hana ruwa da gaske: ya hana shi fita. Da na kira mutumin, ya duba ya ce, "Alhaji, bangon ne bai karɓa ba." Sannan ya tambaye ni wane ne ya yi mini filasta.

Duk wannan hidima wani tsoho na zaune a dakalin da ke kallon gidana, da carbi a hannu, yana amsa gaisuwar kowane mai gyara. Wata la'asar na zauna kusa da shi na zayyana masa abin da na kashe. Ya ce, "Yaro, ai nan kududdufi ne." Ya ce da can ƙasar ginin gidajen unguwar a nan aka haƙa, ramin ya zama matattarar ruwan damina, kamar sauran kududdufan birni. Daga baya aka cika shi da shara da ɓaraguzai, aka yanka filaye. Ya ce ruwa bai san an sayar ba, kuma ko kasuwar Kantin Kwari, da duk dukiyar da ke cikinta, sai da ya shiga a 2022 ya jiƙa atamfofi. Ya nuna tagar falona da carbin. "Daidai inda ka ajiye talabijin, a nan na taɓa kama tarwaɗa, sai da muka ɗauke ta mu biyu."

Na ce, "Baba, me ya hana ka gaya mini tun kafin in saya?"

Ya ce, "Ba ka tambaye ni ba. Kuma a watan Maris ka zo, kai da dillali."

Hunturu ya shigo ya yi aikin da fankokin Amurka za su yi, bai karɓi ko kwabo ba. Bango ya bushe ƙayau, magini ya dawo ya yi filasta, aka ɗaga bakin masai, na shiga ƙungiyar yashe kwata ta layinmu har aka ba ni ma'aji. Ana cikin haka sai ga dillalin nan da sallamarsa. Ya zagaya falo, ya shafa bango da tafin hannu, ya rage murya ya ce, "Alhaji, in da niyyar sayarwa, yanzu ne. A shafa fenti, in kawo maka mutum kafin Mayu."

Na gyara zama zan yi masa wa'azi a kan amana da haƙƙin Musulmi. Ban kai ga bismilla ba, sai na ji muryar uwargida daga bayan labule: "Malam, tambaye shi nawa mutumin zai bayar."