Ɓarawon da bai yi niyya ba

A 1945 kamfanin PRC na Amurka, wanda ya yi suna wajen tsuke bakin aljihu, ya fitar da fim ɗin Detour, aikin darakta Edgar G. Ulmer. Fim ne da talauci ya yi wa ado tun daga kai har ƙafa.

Babu kuɗin nuna titunan New York, sai aka turnuƙe fage da hazo, jarumi da budurwarsa suna tafe cikinsa, mai kallo ya ƙarasa ginin birnin a zuciyarsa. A wasu wuraren an juya hoton baibai, motocin Amurka suka koma bin hannun hagu kamar a Ingila.

Labarin ma ramammen ne. Al Roberts, makaɗin piyano, ya nufi Los Angeles yana roƙon a rage masa hanya. Wanda ya ɗauke shi ya mutu a hanya, Al ya kwashe motarsa da kuɗinsa da sunansa, wai tsoron 'yan sanda ne ya sa. Duk faɗin Amurka kuma, matar da ya tsaya ya ɗauka ita ce Vera, wadda ta san mamacin. Ita ma ta mutu, igiyar tarho ta shaƙe ta yayin da yake jan igiyar daga bayan ƙofa. Gawa biyu, gogan naka yana rantsuwa ƙaddara ce.

A 1992 Amurka ta sa fim ɗin cikin kundin finafinan da ƙasa ke adanawa, har da hazon.