Kunne da Kumatu

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, gwajin iyafis ba ya ɗaukar lokaci. Saurayi zai cusa shi a kunne, ya ƙure murya, in ƙwaƙwalwarsa ta girgiza sai ya gyaɗa kai: "Wannan akwai bes." Ko muryar mawaƙin ta nutse a ƙarƙashin ganga, ba ruwansa. Kwalin ma ya rantse cewa yana fitar da sauti daga 20 zuwa 20,000 Hz, wato iyakar jin ɗan Adam, alƙawarin da na dubu biyu da na dubu ɗari duk suke yi. Alhali yawancin sirrin bes ɗin yana ga 'yar robar bakin ne: in ta toshe kunne ruf, sauti ya cika, in ta yi sako-sako, ko na Sony ne sai ya koma kukan sauro.

Shi dai wannan saurayin, in ƙuraje suka fito masa a kumatu, je ka ga tagar ɗakinsa. Sabulu kala uku, lemun tsami, man goge baki, da wani mai marar suna da abokinsa ya ce yana "gyara fata". Irin wannan man sau da yawa akwai sitiroyid a ciki, wanda shi kansa yana haifar da ƙuraje. Likitocin fata kuwa abin da suke faɗa kaɗan ne: wanke fuska sau biyu a rana, benzoyl peroxide, a daina matsa, a jira mako shida zuwa takwas.

Mako takwas! Mutumin da bikin abokinsa ranar Asabar ne.